Abin da Inna Hajo Take Yi a Bayan Rumbu

Toranke, Litinin

Zuwa ga Malama Zuhra,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da ɗalibanki na Islamiyya. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ƙudaje, kin san lokacin mangwaro.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayar tana aljihun Yayanki, kuma a gidan nan ko tari mutum ya yi sai Inna ta ji, shi ya sa na ba Surajo mai adaidaita ya kawo miki.

Ma'aikatan lafiya sun zo garin nan binciken amosanin ido. Shekarun baya an raba mana magani, yanzu so suke su gani ko cutar ta tafi. Gida talatin ƙuri'a ta faɗa wa, har da namu, kuma mai unguwa da kansa ya rako su. Suka ce za su juya fatar idon yara su duba, su shafa 'yar auduga, su ɗiga jinin yatsa a kan takarda, sannan su leƙa idon manya. Ni dai ban ga abin tashin hankali ba, har na fara wanke wa Fadima da Ikrama fuska.

Sai Inna ta tare bakin zaure, ta ja mayafi har kan hanci, ta ce ba mai taɓa mata jikoki. Wai duk gidajen garin nan me ya sa sai nata, lallai wani ne ya kai ƙararta cewa gidanta da ƙazanta. Wai kuma ina ruwan ciwon ido da jinin yatsa. Kafin la'asar ta zagaye unguwa, gida shida sun rufe ƙofa. Yayanki kuwa, jarumin naki, ya saɓa fartanya ya yi gona, alhali ko ruwan farko bai sauka ba.

Raina ya ɓaci, Zuhra. Matar da take kai yaran nan rigakafi da ƙafarta. Ga shi kwana biyu idon Ikrama yana kwantsa, hankalina bai kwanta ba. Ranar Alhamis za su dawo, daga nan sun bar garin. Ki yi wani abu, tunda ke ce 'yar lelen.

Matar yayanki,
Hindatu

Gaya, Talata

Zuwa ga Matar Yaya,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Saƙonki ya iso, Allah ya saka da alheri. Ki gaishe da Inna da Yaya da yaran. Maganar fartanya kuma na yi kamar ban karanta ba.

Na tambayi mahaifiyar wata ɗalibata, ma'aikaciyar lafiya ce. Ta ce ƙuri'ar gaskiya ce, ba wanda ya kai ƙarar kowa. Jinin kuma yana nuna ko yaro ya taɓa gamuwa da cutar ne. Lamba ake sa wa takardar, ba suna ba, kuma sakamakon na yankin ne gaba ɗaya, don a san ko za a sake raba magani. Ba za a aiko wa wani gida nasa daban ba.

Amma ni ba wannan ne ya dame ni ba. Inna ba ta tsoron allura, kuma ba ta damu da surutun mutane ba. Da na zo da Sallah na lura ba ta fita rana sai ta rufe fuska, kuma hawaye na zubo mata ba tare da kuka ba. Na ɗauka tsufa ne. Yanzu ina jin kunyar kaina da ban tambaye ta ba. Kin ce suna duba idon manya, ko? Kada ki yi gardama da ita. Ki sa mata ido kawai.

Wassalam,
Zuhra

Toranke, Juma'a

Malama Zuhra,

Sallama da gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta, amma alheri ne.

Kin canka daidai. Ranar Laraba da hantsi na bi ta bayan rumbu, inda kullum take cewa za ta duba kaji. Na same ta a tsugune da ɓallin madubi da ɗan hantsaki, tana cire gashin idonta ɗaya bayan ɗaya. Zuhra, gashin ya juya ciki, ƙwayar idon yake karta. Shekara biyar ke nan tana haka, muna gida ɗaya, ni da nake taƙamar ba abin da ke wuce ni.

Na zaci za ta yi mini tatas. Sai ta zauna a ƙasa, ta ce mahaifiyarta da haka ta fara, aka kai ta wurin wanzami ya yanka fatar idon, ta ƙarasa rayuwarta ana jan ta da sanda. Na ce ai yanzu asibiti ake yi. Sai ta faɗi ainihin abin.

"Tun ranar suna ni nake sa wa yaran nan kwalli, da tsinke ɗaya da nawa. In suka tafi da jinin nan, takarda za ta dawo ta ce Hajo ce ta makantar da jikokinta."

Wallahi sai da na yi kuka. Na ɗauko takardarki na karanta mata wurin lambar nan. Ta sa na maimaita. Ta ce in Zuhra ce ta rubuta to ba ƙarya, don ke ko wasa ba ki iya ba balle ƙarya.

Jiya suka dawo. Fadima ta miƙa yatsa tana dariya, Ikrama ya tara mana jama'a da kuka. An juya idonsu duka biyun, babu amosani. Kwantsar Ikrama ma ba ita ba ce, an ba shi man shafawa. Inna ta ce ita dai mace ce za ta duba ta, kuma a ɗaki. Wata ma'aikaciya a cikinsu ta shiga, aka saki labule. Ta gaya wa Inna a daina haɗa tsinken kwalli, amma ƙuda ma yana ɗaukar cutar, haka tsumman goge fuska, ba wanda zai iya nuna mutum ɗaya. Ta ba ta takardar zuwa asibiti can wajenku Gaya, ta ce aikin ɗan kaɗan ne, amma kada a ƙara wata guda.

Gida huɗu sun buɗe da suka ga an shiga namu. Biyu sun ƙi har motar ta tashi.

Yayanki zai kawo ta ranar Litinin. Tun jiya ya kasa haɗa ido da kowa, kada ki ƙara masa. Ni kam yau na ci abinci ya zauna mini.

Taki,
Hindatu

Gaya, Asabar

Hindatu,

Ni ce Inna, Zuhra ke rubutawa. Ina gaishe ki da aiki, ki shafa mini kan yaran.

An yi aikin, an cire bandejin. Na dama ya riga ya yi tabo, likita ya ce hazon nan ba zai tafi ba. Na hagu ya tsira. Ina ƙifta ido ba abin da ke sukata, har na manta haka mutane suke ji. Alhamdu lillahi.

Yanzu ga aiki. Ba ni kaɗai ba ce. Gidaje biyun nan da suka ƙi buɗewa, Amarya ce da Ummu Salma, mu uku muke cire wa juna gashin ido inda hannu bai kai ba. Ki je ki ce ni na aiko ki. Ki gaya musu gaskiya, allurar farkon aikin da zafi, daga ita kuma shi ke nan. Surajo ya kawo su ranar Litinin, ina nan ina jira.

Ki fara da Amarya. Nata ya fi nawa nisa, kuma ranar nan har ta ɗauki mayafi za ta fita a duba ta, ni na hana ta.

Allah ya yi miki albarka.
Hajo