Geron Tukwane da Wayar Yero

Juma'a, 20 ga Janairu, 2012
Bayan la'asar muka fara jin ƙarar, har tagogin gidanmu nan Dukawuya suna karkarwa. Bama-bamai, an ce ta wajen Bompai. Ƙanena Yero can ya tafi kai wa wani ɗinki. Wayarsa tana shiga, ba a ɗauka.

Asabar, 21
Dokar hana fita. Nana, mahaifiyarmu, ba ta ci komai ba, ruwan shayi ma sai da na yi da gaske. Wayar ta daina shiga.

Lahadi, 22
Abin kunya, amma a nan zan faɗa: ina sallar azahar gerona ya faɗo mini a rai. Tukwanena na can gidan gwaji a tashar binciken noma, babu mai shiga. Jikokin iri biyu ne da na haɗa, na wani ƙauye a Yobe mai jure fari da ingantacce mai yawan tsaba. Kowace safiya nakan ɗora tukunya a sikeli in ga ruwan da ta sha, don in gane waɗanda suka gaji halin na Yobe, masu rufe ƙofofin ganyensu da rana tsaka. Shekara uku ina wannan aiki. Ƙanena ya ɓata, ni kuma ina tunanin sikeli.

Talata, 24
An sassauta doka. Ni da Bappa, wan babanmu, mun zaga asibitoci. A na ƙarshe ya tsayar da ni a ƙofar ɗakin ajiye gawa. "Lauratu, ke tsaya nan." Ya daɗe. Da ya fito sai ya girgiza kai, ya nemi famfo ya yi ta wanke fuska. Ban san ko murna zan yi ba.

Laraba, 25
Nana ta ce ta yi mafarki Yero yana neman almakashinsa.

Alhamis, 26
Dakta Shehu, malamina, ya kira. Ya fara da jaje, sannan ya ce famfon tashar bai kawo ruwa ba tun ranar, maigadi kuma ya gudu garinsu. "Ba cewa nake ki zo ba," in ji shi. Ƙauyen da muka samo irin nan yanzu babu mai zuwa, an ce mutanen ma sun watse. Ragowar tsabar duk na shuka. Wautata ce.

Asabar, 28
Na je. A kowane shingen jami'an tsaro sai mai acaɓa ya kashe mashin ya tura, ni kuma hannuwa a sama. Na ce wa Nana asibiti zan koma.
Yawancinsu sun bushe, ganye kamar takarda. Awon ya lalace, ba gyara. Amma a layin bango akwai wasu da suka naɗe ganye kawai, zuciyarsu kore shar. Na duba lambobinsu, kusan duk waɗanda nake zaton sun gaji halin na Yobe ne. Na yanki ganyensu don gwajin ƙwayoyin gado. Da bokiti na ɗebo ruwa daga masallacin maƙwabta.
Na ji daɗi. Allah Ya yafe mini, na ji daɗi.

Laraba, 8 ga Fabrairu
Wani ya ce ya ga mai kama da Yero a hannun jami'an tsaro. Bappa ya bi, ya wuni a tsaye. Ba shi ba ne. Nana ta fara cewa "in ya dawo" a hankali, kamar kada wani ya ji.

Litinin, 13
An sake harbe-harbe kusa da hanyar tasha. Dakta ya ce kowa ya kwashe abin da zai iya. Na kawo tukwanen gida a a-daidaita-sahu, na jera a tsakar gida. Nana ta dube su ta ce, "Ashe asibitin ke nan." Da yamma na gan ta tana kore musu kaji.

Asabar, 25
Sun fara fitar da kai, kuma tsuntsaye da akuyar maƙwabta ba za su bar su ba. Ɗakin Yero na soro ne kaɗai mai ƙofa da babbar taga ta gabas. Na tsaya ina juya maganar a baki, Nana ta kwance makullin daga bakin zanenta ta miƙo mini, ba ta dube ni ba.
Na jingine katifarsa a bango, na tura keken ɗinkin lungu, na lulluɓe shi da zani. Rana tana shiga sosai.
Na ɗan lokaci ne. Kafin su nuna.