Gwiwar Taka Ce, Yaya

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau. Ya jikin Inna, ya yara? Ya ƙafar taka?

Ni lafiya lau nake, kada ku damu. Tun da na daina buga ƙwallo aka ba ni horar da 'yan bayan ƙungiyarmu. Aikin ba laifi, sai dai jiya babban koci ya ce in nuna musu yadda ake zamiya a ƙwace ƙwallo. Na tsaya kamar an dasa ni, na ce gwiwa ke damuna.

Ba gwiwata ba ce, Yaya, taka ce. Ranar da mai neman 'yan wasa ya zo filin unguwa, kai ya zo gani. Shekara goma sha bakwai ina cewa santsin ciyawa ne ya kwashe ni. Ƙarya nake. Na ga ƙwallon ya riga ya wuce, amma na kai maka ƙafa, don mutumin ya san ni ma ina wurin.

Ga maganin Inna nan, da sabuwar sandarka. Kullum kana karɓa kana sa min albarka. Wannan karon kada ka yi saurin sa wa.

Ƙaninka,
Lamba Biyar