Adireshin Bayan Fayil

Yaya Samiha,

Ya garin Mansura, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake a Aswan, abinci ne dai ba ya shiga sosai.

Ofishinmu na karɓar wa yara kuɗin ciyarwa zai koma kwamfuta. An ce mu shigar da komai, har adireshin matan da ke ɓuya daga tsofaffin mazajensu, wanda muke rubutawa da fensir a bayan fayil. Na tambayi shugabanmu, Ustaz Midhat, wa zai riƙa gani.

Ya ce, "Ke dai buga, Rabab. Na'ura ba ta gulma."

To, ba ta yi. Amma ƙanensa, da ke neman tsohuwar matarsa tun bara, kullum yanzu sai ya kawo mana dabino.

Jiya na sayi abin goge fensir. Ki sa ni a addu'a, kada Inna ta ji.

Ƙanwarki,
Rabab