Na kai Baba tsibirin Ikko

Daren Talata, Haɗejiya

Mun dawo daga Ikko lafiya. Baba masunci ne, bai taɓa yarda fataucin riɗin da nake yi ya kai kamun kifi ba, shi ya sa na tafi da shi. Na nuna masa tsibirin da masunta suka fara zama, yanzu ga gadoji, ga tashar jiragen ruwa a tsallake.

Da safe ya ga kwale-kwale zaune kan laka. Ya ce, "Kai, ruwansu ya janye, bana sun shiga uku!" Kafin azahar ruwa ya komo. Namu sai damina, nasu kullum.

Ɗazu na ji shi a ƙofar gida yana gaya wa maƙwabta: "Jirgin da muka gani ya fi unguwarmu tsawo, kuma riɗin yaron nan ake loda masa." Alhamdulillahi. Shayina har ya huce ina saurare.