Ƙurar Siminti a Ƙirjina

Yaya Zaidu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ya yara?

Ina Kurudu, muna aikin daɓen siminti a wani sabon gida. Da inji muke kankare shi har ya yi santsi, sannan mu shafa launi. Ya yi kyau sosai.

Lafiyata ƙalau, sai dai ƙurar ta cika mini ƙirji. Jiya na yi tari, jini ya ɗiga a daɓen. Oga ya ce, "Goge maza kafin ya kama." Na durƙusa na goge.

Kada Inna ta ji. Don Allah, Yaya, ka zo ka ɗauke ni. Numfashina ba ya kai ni bakin titi, kuma tsoro nake ji.

Ƙaninka,
Naziru