Ka Aiko Mini da Katakon

Zuwa ga ɗana Nuhu, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikinka. Mu nan Moshi Zongo lafiya, sai dai abin da zan faɗa maka. Na rubuta a nan cikin jarida inda kowa zai karanta, domin kai ma a gaban kowa ka yi abin da ka yi. Da hannuna na rubuta. Ka san sai da na yi jika na koyi boko, ka bi ni a hankali.

Ranar Juma'a Madam Akosua, malamar makarantar da ke sayen kokona kullum, ta nuna mini hoto a wayarta. Ni ce zaune gaban tukunya, baƙi da fari, da sunanka a ƙasa. Ta ce an rataye shi a wani ɗakin nuna zane, ana ta yabo. Na duba, na sake dubawa. Nuhu, ludayin yana hannuna na hagu. Da hagu nake miƙa wa mutum koko.

Kafin la'asar duk layinmu ya gani. Hajiya Memuna mai ƙosai ta ce ashe sirrin daɗin kokon ke nan. Masu babur sukan tsaya su ce, Mma Nuhu, yau da wane hannu? Su yi dariya, in yi dariya. Amma Alhaji Seidu, wanda yake karyawa a wurina tun kana rarrafe, ya koma wajen mai kokon bakin masallaci. Jiya wasu biyu sun bi shi.

Ina tuna lokacin da kake zana allunan masu aski a Kalpohin. Launi ko'ina, fuskoki sumul, har mutum ya gane maƙwabcinsa a jikin allo. Da ka tafi Kumasi ka ce ka ajiye buroshi ka ɗauki wuƙa: kana sassaƙa katako, ka shafa masa tawada, ka danna takarda a kai. Na farkon da ka kawo da Babbar Sallah motocin tasha ne, da ɗan ja da ɗan shuɗi. Daga baya launin ya gudu. Fuskokin suka koma tsaga-tsaga, idanu suka zama ramuka. A raina na ce sana'a ma tana girma kamar yaro.

A waya ka ce mini katako kamar madubi yake, abin da ka sassaƙa dama sai ya fito hagu a takarda. To, na ji. Amma motocin nan naka akwai rubutu a goshinsu, kuma daidai ya fito. Ni na karanta shi da bakina, a tsakar gida, kana tafa mini. Ke nan ka san yadda ake juya abu tun a katako don ya fito daidai. Yaya ka tuna wa mota, ka manta wa uwarka?

Zuciyata ba ta kwanta da Mista Boateng ɗin nan mai sayar maka da aiki ba. Ranar da ka kawo shi yana ta kirana Mama, amma idonsa na kan tukunyata da bangon da ya tsage. Da kunnena na ji ya ce maka masu saye sun fi son arewa baƙa ƙirin, da wahala a fuska. Shi ya ce ka bar hannun haka? Kuma ka ce katako ɗaya yana haihuwar takardu da yawa. A ɗakin su wa nake zaune yanzu, ina miƙa wa baƙi hagu?

Ɗana, ba aikin na ƙi ba. Yadda kafaɗata ta karkata saboda ɗaukar tukunya, ko marigayi babanka bai lura ba. Kai ka gani, ka sa shi a katako. Da na ga wannan sai da na juya wa Madam baya na share ido.

Ga abin da nake so. Ka naɗe katakon a buhu, ka ba direban motar Tamale. In gaskiya ka faɗa, a jikinsa da dama nake zuba koko. Zan jingina shi kusa da tukunya, Alhaji Seidu ya zo ya gani da idonsa. Kuma muddin yana wurina, ba zai ƙara haihuwa ba. In ka ce ba zai yiwu ba, to na gane ba a hannunka yake ba, kuma daga nan da Mista Boateng zan yi magana.

Allah ya tsare mini kai daga masu daɗin baki. Allah ya yi wa hannunka albarka, ya dawo mini da kai lafiya.

Ni ce mahaifiyarka,
Mma Nuhu mai koko, Moshi Zongo, Tamale.