Sunan Mama a Cikin Jeri

Laraba da dare, Kafanchan

Yau Baba ya matsa sai na nuna masa abin da ake koya mana a kwaleji. Na jera sunayen 'yan gidanmu a Python, wani yaren kwamfuta, na nuna masa yadda ake tambayar kwamfuta ko suna yana ciki.

Ya rubuta "Maman Bulus". Kwamfuta ta ce False, wato babu. Ya harare ni. "Wa ya cire matata?"

Na ce sunanta na ainihi, Saratu, na sa. Tunda nake, ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba.

Mama na tsaga citta a bakin ƙofa. "Rubuta mana, Malam."

Da yatsa ɗaya ya rubuta, kansa a sunkuye. True, wato akwai. Mama ta yi dariya har da hawaye.

A hankali ya ce, "Ai dama na san tana ciki."